Babu Gishiri a Kogin Nilu

Asabar, 5 ga Oktoba, da hantsi

Yau da sassafe na ga Yaya Maikano a bakin ruwa.

Na sauko matakala daga kornish, titin bakin kogi, sai na tarar da shi tsugune gaban kwandon takalman ruwa da muke ba masu hayar kayak, ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya. Ya ɗauki ƙafa ɗaya yana lanƙwasawa, yana leƙa ciki kamar mai sayen kifi. Tun da na fara aiki a wannan kulob na unguwar Ma'adi a Alƙahira bai taɓa sauko matakalar nan ba. Ko gada za mu haye a mikrobas, ƙaramar motar haya, tsakiya yake zama, idonsa a kan waya har mu sauka.

Na gaishe shi. Ya amsa, bai ɗago ba.

Ya ce, "Ɗantsoho, wanne ne ba ya fita daga ƙafa in mutum ya faɗa ruwa?"

Na ce wanda ya kama idon sawu. Na nuna masa mai maɗauri a bayan diddige. Ya juya shi, ya danna ƙasan da babban yatsa.

Ya ce, "Gishiri fa? Yana cin sa?"

Na dubi kogin. Babu gishiri a Nilu. Ruwan daɗi ne tun daga inda ya fito har ya wuce mu. Gishiri sai can arewa, bayan Iskandariyya, a teku, inda ba a hango ɗaya gaɓar, inda masu tsallakawa Turai a ɓoye ke shiga jirgi.

Na ce in ana ɗauraye shi ba ya ci.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan magariba

Awadiyya, matar Yaya, ta yi kisra, wata siririyar waina, da miyar kuɓewa irin ta garinsu a Sudan. Muka ci. Babu wanda ya ɗago zancen jiya. Afra, 'yarsu, ta hau cinyata tana tambaya ko kifi yana barci.

Yaya ya ce, "Sauke yarinyar nan, ta bar mutum ya ci abinci."

Yarinyar nan. Shekararta biyar bai taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, haka gidanmu yake, Baba ma har ya bar duniya ban ji ya kira sunan Yaya ba. Ko hannunta ba ya riƙewa a titi. Awadiyya takan yi masa tsiya, ta ce, "Ya zol, kai bawan Allah, a Alƙahira kake, wa zai kai ƙararka Yauri?" Yau ba ta yi ba.

Iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta ƙare tun bara. Karatun da ya kawo shi ƙasar nan ya tsaya tun kafin nan. Gidan burodin da yake aiki sun ce ya dakata har takarda ta fito. Garin su Awadiyya kuwa ba wurin komawa ba ne yanzu, ana yaƙi. Duk gidan mun sani. Ban san me ya sa na rubuta ba.

Talata, 8 ga Oktoba, da la'asar

A kulob muna da kanta ta katako a bakin mashiga. Duk wanda zai shiga ruwa sai ya ajiye takalmin da ya zo da shi a kai, ya sa na ruwa. Dokar Kaftin Haisam ce, mai kulob. In yamma ta yi ba kogi nake dubawa ba, kanta nake dubawa. In babu takalmi, kowa ya fito. In akwai ko ƙafa ɗaya ce, ba a rufe ƙofa.

A Yauri ba mu da kanta, kan yashi ake bari. Na Baba ya daɗe a can bayan ya shiga kogi bai fito ba, Inna ta hana a taɓa. Yaya ne ya ɗauko daga baya, cikin ledar burodi. Tun ranar bai ƙara taka ruwa ba. Shi ya tafi makaranta, ni na zauna da kwalekwale.

Yau kanta ta yi wayam kafin magariba. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Yaya ya sake tambayar takalmi. Na ce lambarsa ba ta cikin kwando. Tana ciki.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan sallah

Abdurrahim ya biyo mu daga masallaci, abokin Yaya na unguwar Ainu Shams. Suka fita baranda suka ja ƙofa. Ƙofar ba ta rufuwa sosai. Na ji "ƙarshen wata". Na ji "kafin sanyi ya shigo". Na ji sunan wani mutum da ba zan rubuta ba.

Da suka shigo Abdurrahim ya buge ni a kafaɗa. "Sarkin ruwa! An ce kai ke wahalar da yayanka da zancen takalmi. Kambas ɗinsa bai isa ba? Ba fa biki za a je ba."

Na yi murmushi.

Kambas ruwa yake sha, ya koma kamar an ɗaura wa mutum dutse. Igiyarsa kuma maƙalewa take yi. Na ga ƙaton mutum ya kasa ɗaga ƙafa a ruwan da bai kai wuyansa ba, don kambas.

To ga inda nake. In na ƙi zaɓa masa, da kambas zai tafi. In na zaɓa masa, na sa hannu ke nan. Ƙani ba ya tsayawa gaban yayansa ya ce kada ka je. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya kai ni wurin Kaftin, a falonsa nake kwana.

Amma ƙani yana iya cewa takalmi bai yi ba tukuna.

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Na ce masa takalmin ruwa ba a zaɓensa a busasshiyar ƙasa. Wannan ba ƙarya ba ce. Wanda ya yi maka daidai a shago, da ya jiƙe sai ya saki. Sai an shiga da shi, an taka laka, an harba ƙafa.

Ya zo. Ya cire baƙin takalminsa, na nuna masa kanta, ya ajiye. Ya daɗe yana kallonsa a kai.

Na fara ba shi siririn nan mai kamar safa, wanda masu kayak ke so don ba ya cin wuri a cikin jirgi. Ya shiga, ruwa iyakar idon sawu. Taku kaɗan laka ta cire masa na dama. Na sa hannu na lalubo.

Kaftin Haisam yana zaune kan jirgin da aka kifar yana shan shayi. Ya ce da Larabci, da guntun sunan da yake kirana, "Ya Dan, wannan ɗan'uwanka ne ko aro ka yi? Kai kamar kada, shi kamar kaza a ranar wanka."

Yaya ya yi dariya. Na daɗe ban ji dariyarsa ba.

Na ba shi mai kauri, na masu kwalekwale da ke sauka kan duwatsu da fasassun kwalabe. Wannan bai fita ba, amma ba shi da ƙofofin da ruwa zai bi. Da ya ɗago ƙafa sai ya ce, "Kamar na ɗauko buta." Na ce shi ya sa bai yi ba. Ya dawo jibi.

Ya dube ni. Ya san abin da nake yi, ina jin.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Har gwiwa yau. Ya dawo jibi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, kafin sallah

Abin da nake tsoro ke nan, yana koyo. Na sa masa rigar ruwa mai hana nutsewa, na ce ya kwanta ta baya. Ya kwanta, hannuna a ƙarƙashin wuyansa. Na zare hannun bai sani ba. Yana kallon sama, bakinsa yana motsi.

Kuma an samu takalmin. Baƙi ne, samansa raga, ƙasansa roba mai kama dutse, ga ƙofofi a gefe ruwa yana fita da kansa. Maɗauri a bayan diddige, babu igiya. Na danna gaban yatsunsa, ba su takura ba. Na ja diddigen da ƙarfina, bai motsa ba. Ya shiga laka ya fito da shi. Ya harba ƙafa, yana nan.

Na so in ce bai yi ba. Bakina ya ce ya yi.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Ina wanke jirage ya zo ya tsaya a bayana. Bai sauko don gwaji ba, da kayan gida ya zo.

Ya ce, "Akwai na yara?"

Na ci gaba da wanki.

Ya ce, "Kamar na yarinyar nan."

Ashe ba shi kaɗai ba ne.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da rana

Ban ci abinci ba. Kanta wayam. Alhamdu lillahi.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Na kawo na yarinyar. Ja ne, yana cikin ɗakin ajiya tun bazara, Kaftin ya ce in ɗauka. In ban kawo ba, da silifas za a kai ta. Silifas kuwa shi ke fara tafiya.

Afra ta sa ta ƙi cirewa. Ta bi falo tana tsalle, tana ce min Ammu, baffa ke nan a bakinsu. "Ammu, yanzu zan iya taka ruwa?"

Na ce ba a taka ruwa, shiga ake yi.

"To in na shiga kifi zai gan ni?"

Na ce zai ga jan takalmi ya gudu.

Awadiyya tana bakin kicin da ludayi a hannu. Ta dubi takalmin, ta dube ni. Ta koma ciki. Na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba, ba abin da take wankewa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, kafin magariba

Na hau saman bene in kwaso kayana daga igiya, na tarar da ita tana shanya. Daga can ana hango ɗan gefen kogi tsakanin gidaje.

Ta ce, "Ɗantsoho, kai ba ka iya magana ba ne, ko so kake in fara?"

Na ce ta fara.

"Yayanka ya ce babban jirgi ne. Ya ce kwana kaɗan ne. Ya ce ko me ya faru zai riƙe Afra, ba zai sake ta ba. Ya rantse min." Ta matse rigar da ke hannunta har ruwa ya zubo mata a ƙafa. "Ni na taɓa gudu sau ɗaya, na san yadda ake barin gida. Ba tafiyar nake tsoro ba. Gaya min don Allah, kai ka san ruwa. Zai iya riƙe ta?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ban sani ba.

Amma na gaya mata abin da nake gani a kulob. Duk sabon da zai fita kogi sai Kaftin ya kifar da shi a bakin mashiga, ya san yadda abin yake. Kullum sai ya ce kada ka saki filafili. Kullum sai sun saki. Masu ƙarfi, masu iyo, sojoji ma. In ruwa ya rufe fuskar mutum, hannu buɗewa yake yi ya nemi abin kamawa, ba ya tambayar mai shi. Ni ma na saki a karon farko, ni da aka haifa a bakin kogi.

Sai ta ce, "Shi ma za a kifar da shi?"

Na ce in ya yarda.

Ta ɗauki bahonta ta sauka.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Na ce masa saura gwaji ɗaya. Takalmin da bai kife da mutum ba, ba a gama saninsa ba. Ya ce yaushe. Na ce Talata, ruwa yakan kwanta da safe. Ya ce to, Alhamis dai ba ya nan.

Haka ya faɗa, yana ɗaure agogo. Alhamis.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Babu iska. Jiragen yawo ba su fara wucewa ba. Yaya ya ajiye baƙin takalminsa a kanta, ya sa na ruwa. Ni na ɗaure masa rigar ruwa, na ja maɗaurin sai da ya ce wash. Sai ga Awadiyya tana saukowa da Afra. Ban san za su zo ba. Amna mai shayi, wadda ke zama a saman matakala, ta bar murhunta ta biyo su har rabi.

Yaya ya ce, "Me ya kawo ku?"

Awadiyya ta ce, "Kallo."

Ya shiga kayak. Kaftin ya tsaya cikin ruwa iyakar ƙirji, ya riƙe hancin jirgin, ni ina baya. Kaftin ya ce, "Ya ustaz, zan kifar da kai. Kada ka yi kokawa da ruwa, riga za ta ɗago ka. Ga ni a tsaye, ka gani, ba zurfi. Abu ɗaya nake so, kada ka saki filafili. Tamam?"

Yaya ya ce tamam.

Sai Awadiyya ta ce a dakata. Ta durƙusa ta cire jan takalmin daga ƙafar Afra, duka biyun. Ta zo bakin katakon da ake hawa jirgi, ta karɓe filafilin daga hannun Yaya ta miƙo min. Ta sa masa takalman a hannu.

Ta ce, "Ka ce za ka riƙe ta. Ga shi, riƙe wannan."

Ba ta ɗaga murya ba. Yaya ya dube ta. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya rungume su a ƙirji da hannu biyu, ya matse har jijiyoyin hannunsa suka fito. Ya ce, "Yalla, mu je."

Kaftin ya juya jirgin.

Ba a daɗe ba. Kafin ka gama bismillah ya ɗago, yana tari, ya cafke gefen kayak da hannu biyu. Ya tsaya da ƙafarsa. Na leƙa cikin ruwan, takalminsa yana nan daram, duka biyun. Kaftin ya fara cewa barakallah.

Sai Yaya ya dubi hannuwansa.

Ƙafa ɗaya tana juyawa kusa da ni. Ɗayar ruwa ya riga ya ɗauke ta, ta yi gaba, ja, 'yar ƙarama, tana bin arewa.

Ya ƙwala ihu. "Afra!"

Ba gaɓa yake kallo ba, ruwa yake kallo. "Afra! Afra!" Ya saki jirgin ya afka wajen zurfi. Kaftin ya cafko wuyan rigarsa, yana fizgewa, yana kira. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Ko ranar da ya ɗauko takalmin Baba ban ji ta ba.

Daga kan katako yarinyar ta ce, "Baba, ga ni nan fa."

Ya juyo.

Ta ce, "Ka saki takalmina."

Na kamo ƙafa ɗayan da ke kusa. Ɗayar kuwa, da na so, da na bi ta, ga jirgi, ga filafili a hannuna. Ban bi ba.

Ya fito. Ya zauna a matakala ruwa yana zuba daga jikinsa. Ya kwance takalmin ruwan a hankali, ya ɗauraye shi, ya mayar cikin kwando. Ya je kanta ya ɗauki nasa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki Afra, ƙafarta ba takalmi, ya ɗora ta a kafaɗa, gaban kowa, ya hau da ita har kornish. Awadiyya tana bayansu. Da suka zo wajen Amna, ta matsa ta ba su hanya, ta rufe bakinta da mayafi.

Kaftin ya ce min, "Ya Dan, ba kayak ɗan'uwanka yake koyo ba, ko?"

Na ce ma'alish, a yi haƙuri, ya Kaftin. Ya ce in wanke jirgin.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Bai yi magana da kowa ba. Ya ci abinci kaɗan.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da hantsi

Yau ce. Na ce wa Kaftin ba ni da lafiya, na zauna gida.

Wayarsa ta yi ta ƙara a kan tebur, sunan Abdurrahim. Yaya yana zaune a ƙasa ya kwance fankar falo yana goge ta, fankar da babu abin da ya same ta. Wayar ta yi shiru. Ta sake. Ta yi shiru.

Alhamis, bayan magariba

Yana gida.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da rana

Wayar Abdurrahim a kashe tun ranar da ya tafi. 'Yan ɗakinsu a Ainu Shams sun ce su ma ba su ji ba. Wataƙila babu hanyar kira ne a can. Wataƙila.

Takardar Yaya ba ta fito ba. Gidan burodi ba su kira ba. Babu abin da ya gyaru, sai dai muna nan duka.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ƙafa ɗayan da na kamo tana kan kanta. Kaftin ya ce in ɗauke, tana ruɗa shi da yamma, sai ya zaci akwai yaro a ruwa. Na ce a bar ta sai an ji daga Abdurrahim. Ya dube ni, ya ƙyale.

Bayan sallah wani daga cikin 'yan'uwanmu ya tare Yaya a ƙofar masallaci. "A'a, Malam Maikano, ashe kana gari? An ce da kai za a yi."

Yaya ya ce, "Takalmin ne bai yi min ba." Ya dube ni.

Na ce haka ne.

Da muka koma gida Afra ta rugo ta riƙe ƙafarsa. Ya ce, "Ku ɗauke yarinyar nan, mutum ya cire riga." Ya koma yadda yake. Awadiyya ta yi dariya, ta farko a watan nan.

Takalmin ya yi masa. Ni na zaɓa, na sani. Ba zan ƙaryata shi a gaban mutane ba, yayana ne. Amma wata rana yarinyar nan za ta girma ta ce babanta bai taɓa kiran sunanta ba. Ya kira. Yana fuskantar ruwa ya kira, har muryarsa ta dushe.

Ba ni kaɗai na gani ba. Kaftin Haisam yana riƙe da wuyan rigarsa. Amna mai shayi tana tsaye a rabin matakala. Awadiyya tana bakin katako. Ita ma Afra tana nan, ba takalmi a ƙafarta, ta ji da kunnenta.